Akwatin kwamfuta Corsair 4000D Airflow da na'urar sanyaya Peerless Assassin 120 SE: abin da na gani bayan bazara da hunturu a Kano

Wata ranar Afrilu da misalin ƙarfe uku, ina fitar da bidiyon wani biki, yayan ango yana zaune a kan benci yana jira da filashi a hannu. Kwamfutar tana ta kururuwa a ƙarƙashin tebur, aikin kuma ya ƙi gaba. Can sai ya leƙo ya ce, "Malam, injin markaɗe kuma ka kunna?" Na yi dariyar yaƙe, na buɗe HWiNFO, manhajar da nake duba zafi da ita, na tarar furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, ta kafe a digiri 90. Nan ne iyakar da kamfanin AMD ya yanka wa irin tawa, Ryzen 7 5800X. Da zarar ta taɓa wurin sai ta riƙa rage wa kanta gudu don kada ta ƙone. Na ɗora tafin hannu a saman akwatin, sai ka ce murfin tukunya.

Laifin nawa ne. Lokacin da nake haɗa kwamfutar, duk kuɗin na zuba su a furosesa da katin hoto RTX 3060 da RAM, akwati kuwa, wanda masu shago ke kira kesin, da canjin da ya rage na saye shi. Yaron shagon ya jona masa wuta, fankoki uku suka kama launin bakan gizo, ya ce, "Oga, wannan ake yayi." Ban ko yi ciniki sosai ba. Gabansa gilashi, gefensa gilashi, kyan ɗan maciji. Sai daga baya na lura fankokin nan uku manne suke da gilashin gaba, hanyar iskarsu kuma 'yan tsagogi ne a gefe waɗanda ɗan yatsa ba zai shiga ba. Juyawa kawai suke yi suna haske. Ga shi kai tsaye suke shan wuta daga fawa-fak, na'urar da ke raba wa kayan ciki wuta, ba a iya rage musu gudu ko ƙarawa. Ita kuma 5800X ba ta zuwa da na'urar sanyaya a kwalinta, sai na ɗora mata wata ƙarama mai fanka ɗaya da na samu da araha.

Akwai abin da ban gane ba sai da na sha wuya. Fanka ba ta ƙirƙirar sanyi, iskar ɗaki take ɗebowa ta wuce da ita ta kan ƙarfe mai zafi. Masu gwada kayan kwamfuta a YouTube yawanci a ɗakuna masu digiri 21 zuwa 23 suke aunawa. Mu kuwa daga Maris zuwa Mayu zafin Kano yakan haura 40 a waje, shagona mai rufin kwano ba ya nisa da hakan idan rana ta take. Duk digirin da ɗaki ya ƙaru da shi, kusan shi ne zai ƙaru a kan furosesa. Wato idan ka ga Bature ya ce na'ura kaza ta tsayar da zafi a 75, kai ka ɗora goma sha wani abu a kai kafin ka ce madalla. Akwatin da ake ce wa "ba laifi" a Jamus, a nan tanda ne.

Saboda haka da zan sake saye, tef ɗin tela na fara ɗauka kafin waya. Awo uku ne ke raba gardama: girman madabod (babban allon da ake jona komai a kai), tsawon katin hoto, da tsayin na'urar sanyaya. Madabod ɗina ATX ne, milimita 305 a kan 244, don haka ƙananan akwatunan micro-ATX sun fita daga lissafi tun farko. Na rage zaɓina zuwa biyu. Lian Li Lancool 216 ya ja hankalina ƙwarai, domin yana zuwa da manyan fankoki biyu masu milimita 160 a gaba da ɗaya mai 140 a baya, iska kam sai wadda ka ga dama. Amma matatar ƙurarsa ta gaba daban ake sayenta, ni kuma na san abin da Disamba ke kawo mana. Corsair 4000D Airflow, wanda ya fito a 2020, yana da matata a gaba, da ta sama mai maganaɗisu, da ta ƙasa inda fawa-fak ke shaƙar iska. Yana ɗaukar na'urar sanyaya har tsayin milimita 170 da katin hoto har 360. Shi na zaɓa, wani abokina ya sako min shi a motar dare daga Legas. Nauyinsa ya kusa kilo 8, kuma kuɗin mota ya nuna hakan. Farashi ba zan rubuta ba, don kafin ka gama karanta wannan dala ta motsa.

Abin da ya fara burge ni shi ne fuskarsa: farantin ƙarfe ne mai hudoji kamar rariya, kana jan sa da hannu ya fito, babu noti, matatar tana bayansa. A bayan madabod an bar fili da wata kwata da ake kwantar da wayoyi a ciki a ɗaure, murfin baya kuma ya rufu ban danne shi da gwiwa ba kamar yadda na saba. Gefen ƙarafunan ma a naɗe suke, ban yanke ko sau ɗaya ba, alhali tsohon akwatin ya bar min tabo a babban yatsa. Gefe ɗaya gilashi ne. Idan za ka cire shi, shimfiɗa darduma ko kwali ka ajiye a kai. Irin wannan gilashin da tayil ba sa ga maciji, gefensa na taɓa ƙasa da ɗan ƙarfi zai iya tarwatsewa kamar tsakuwa.

Fanka biyu kawai yake zuwa da su, masu milimita 120, ɗaya gaba ɗaya baya. Wannan a rubuce yake tun kafin in saya, don haka na haɗo da fakitin Arctic P12 mai guda biyar. Na jera uku a gaba suna shigo da iska, na bar ɗaya a baya tana fitarwa, ɗaya a sama can wajen baya. Dalilin fifita masu shigowa shi ne ƙura. Idan iskar da ke shiga ta fi wadda ake zuƙewa, ragowar sai ta riƙa fita ta kowace 'yar kafa, ƙura ba ta samun hanyar shiga sai ta matata. Idan kuwa masu fitarwa suka fi yawa, akwatin zai riƙa tsotso ta ramukan baya da na ƙasa inda babu abin tacewa. A garin da ake share tebur da safe a rubuta suna a kansa da yamma, wannan ba ƙaramar magana ba ce. Wurin ɗaurawa ma sai da na juya fanka ɗaya baibai. Sai da na kara 'yar takarda a gabanta na ga tana ture ta maimakon ta ja. Ƙa'idar mai sauƙi ce: gefen da ke da sandunan da suka riƙe motar fanka, ta nan iska ke fita.

Inda na fi daɗewa ina kai-kawo shi ne tsakanin sanyaya ta ruwa da ta iska. Ta ruwa tana da kyan gani, kuma 4000D yana ɗaukar lagireto mai milimita 360 a gaba. Amma na zauna na yi tunanin ranar lalacewa. Ta ruwa tana da ɗan famfo da ke aiki ba hutu, ranar da ya tsaya zafi zai haura cikin daƙiƙu, kuma ba a gyara shi, sabuwa za ka nema gaba ɗaya. Ruwan cikinta ma yana raguwa a hankali cikin shekaru. Garantin da ake rubutawa a kwali kuwa, wanda ya sayi kaya ta hannun ɗan aike ya san inda ya tsaya. Sannan lagireto, duk wanda ya taɓa kai mota gareji ya san yadda ƙura ke toshe haƙoransa. Ta iska fa? Dunƙulen ƙarfe ne da fanka. Idan fanka ta mutu ka cire ka maƙala wata mai milimita 120, aiki ya ci gaba a ranar. Na yi sha'awar Noctua NH-D15 ta ƙasar Ostiriya, wadda tun 2014 ake yabonta, tsayinta 165 kuma za ta shiga, sai dai aljihu ya ce a'a. Na koma kan Thermalright Peerless Assassin 120 SE: hasumiya biyu, fanka biyu, bututun tagulla shida, tsayi 155.

Waɗannan bututun suna ba ni sha'awa. A cikin kowanne akwai ɗan ruwa kaɗan da aka rufe bayan an zuƙe iska. Zafin furosesa yana mayar da shi tururi, tururin ya tafi can inda faifan alminiyon suke, ya huce ya koma ruwa, ya dawo wajen furosesa. Kusan hikimar randa ce, inda ruwan da ke tsattsafowa yake tafiya da zafi, sai dai nan ruwan ba ya tserewa ko'ina. Babu famfo, babu abin da ke motsi.

Ɗaura ta bai ba ni wahala ba sai a wuri ɗaya. A kan AM4, wato irin mazaunin furosesata, farantin bayan madabod na asali ake amfani da shi, ka cire robobi biyu da ke gefen mazaunin, ka kafa ƙarafunanta, ka ɗiga man da ke isar da zafi kamar ƙwayar wake a tsakiyar furosesa, ka ɗaure noti biyu kaɗan-kaɗan, wannan juyi ɗaya wancan juyi ɗaya. Ka tabbata ka ɓare ledar da ke ƙasan tagullar, ni saura ƙiris in manta, ƙanina ne ya ce, "Yaya, wannan ledar a haka za ta shiga?" Matsalar ita ce RAM ɗina masu fitila ne, dogaye, fankar gaba ta zo ta hau kansu. Dole na ɗaga ta sama da 'yan milimitoci kafin in maƙala wayoyin da ke riƙe ta. A nan ne tazarar da ke tsakanin 155 da 170 ta cece ni, gilashin ya rufu bai taɓa komai ba. Da a tsohon akwatin ne da sai dai in bar shi a buɗe. Fitilun RAM ɗin da na biya kuɗi dominsu yanzu fanka ta rufe su, ko ganin su ba na yi.

Ranar farko na sake fitar da wancan bidiyon bikin don in gwada, da rana tsaka. Furosesa ta tsaya a tamanin da 'yan kai, ba ta taɓa 90 ba. Wani zai ce ai har yanzu da zafi. Haka 5800X take: duk rukunan aikinta takwas a ɗan guntun siliki ɗaya suke, kuma ko da yake an rubuta mata wat 105, takan ja har 142 idan aiki ya yi nauyi, zafin ya taru a wuri ƙanƙani. Abin da ya ƙarasa min aikin kyauta ne: na shiga BIOS, wato saitin madabod, na kunna Eco Mode, wanda ke tsayar da ita a wat 88. Gudun da na rasa ban ji shi a jikina ba, zafi kuwa ya sauko sosai, batirin sola ma ya ƙara jimawa da dare. Katin hoton shi ma ya samu sauƙi tunda fankar ƙasa ta gaba kai tsaye take hura masa. Ƙara ta ragu har ina iya jin sautin da nake gyarawa ba tare da na toshe kunne da abin sauraro ba.

Hunturu ne ya nuna min ko na yi dabara. Da hazo ya sauka, sati ɗaya ya isa matatar gaba ta yi fari fat kamar an barbaɗa mata garin rogo. Idan na yi sakaci ta kai sati biyu, a HWiNFO nake ganin sakamakon, domin matata mai datti bango ce. Sai na mayar da ita al'ada: duk Juma'a kafin in tafi masallaci in zare ta, in kakkaɓe a waje, wani lokaci in wanke in shanya, in dawo in tarar ta bushe. Da na buɗe cikin akwatin a ƙarshen Fabrairu, ƙura mai laushi kaɗan na samu a bakin fankoki da faifan hasumiya, ba irin dunƙulen audugar da nake cirowa a da ba. Na hure da bulowa, ina riƙe da fuka-fukan kowace fanka da yatsa don kada iska ta juya ta fiye da kima. Na kuma ɗauke kwamfutar daga ƙasa na ɗora a kan wani ɗan teburi. Wannan kaɗai ya rage dattin da matatar ƙasa ke kwasa.

Wanda ke irin aikina ya san abu biyu kafin ya saya. Wurin manyan hadis, wato ma'ajiyar fayiloli, guda biyu ne kacal, mai tara bidiyon biki na shekaru kuwa biyu ba sa isarsa, ni har na fara ajiye tsofaffin ayyuka a na waje. A sama kuma kafar USB ta gargajiya ɗaya ce, sai Type-C ɗaya, ga masu kawo filashi da katin kyamara ba sa ƙarewa, don haka na sayi ɗan abin da ke rarraba kafa na manna a gefen tebur. Da yau zan sake haɗawa, akwatin da na'urar sanyayar duka zan maimaita, RAM ne kawai zan sayi gajeru marasa fitila.

Tsohon akwatin yana wajen ƙanina. Ya ɓalle gilashin gaba, ya je wajen masu tagar alminiyon aka yanko masa ragar sauro, ya ɗaure ta da wayar roba a gaban fankokin. Yanzu suna haske kuma suna hura iska, shi kuma kullum sai ya turo min hoton zafin furosesarsa a WhatsApp.