Tsarin Dewey a ƙaramin laburare: inda ya biya buƙata da inda ya gaza

Melvil Dewey ya fitar da tsarinsa na jera littattafai a 1876, yana aiki a laburaren Kwalejin Amherst a Amurka, cikin ɗan littafi mai shafi 44. Shi ne kuma ya buɗe makarantar farko ta koyar da aikin laburare a Kwalejin Columbia da ke New York a 1887, da ɗalibai 20, 17 daga cikinsu mata. Ɗaliban nan ne suka bazu da tsarin. Tarihinsa dai da tabo: an zarge shi da cin zarafin mata abokan aiki, kuma kulob ɗinsa na Lake Placid ba ya karɓar Yahudawa da baƙar fata. A 2019 ƙungiyar laburarorin Amurka ta cire sunansa daga lambar yabonta.

Tsarin yanzu yana hannun OCLC, wata ƙungiyar haɗin gwiwar laburarori da ke Amurka. Bugu na 23 ya fito a 2011 cikin juzu'i huɗu, akwai gajeren bugu na 15 na 2012, sai WebDewey da ake biyan kuɗinsa duk shekara ta intanet. Laburaren makarantar sakandare ko na unguwa, gajeren bugun ya wadatar.

Daɗinsa shi ne sauƙi. An kasa ilimi gida goma, daga 000 zuwa 900, kowace lamba ba ta gaza alƙaluma uku, sannan ɗigo ya biyo baya. Ɗan aji ɗaya na sakandare ma zai gane cewa 500 kimiyya ce, 900 tarihi. Abin da sabon ma'aikaci ya kan kasa kamawa shi ne, fannin da aka tattauna abu a cikinsa ake bi, ba abin kansa ba. Littafin noman shinkafa 633.18 ne, na dafa ta 641.6318. Ana kuma gina lamba: noma 630, a ƙara 09 na tarihi da wuri, a ƙara 669 ta Nijeriya, sifili ɗaya ya faɗi, a sami 630.9669.

Kuskuren da ya fi ɓatar da littafi a kanta yana bayan ɗigon nan. Tarihin Nijar 966.26 ne, na Nijeriya 966.9. Mai jerawa ya ga 26 ta fi 9, sai ya kai Nijar baya. Alƙalami ɗaya-ɗaya ake kwatantawa, 2 kafin 9, don haka Nijar ce a gaba. Littafin da aka ajiye ba a muhallinsa ba, da shi da wanda aka sace duk ɗaya ne a wurin mai nema.

Hausa ma tana shan wannan wahala. Da yawa suna jefa ta a 496 saboda an rubuta harsunan Afirka a wurin. Can Fulfulde da Yarabanci suke. Hausa tana 493.72, cikin harsunan dangin Chadi, adabinta kuma 893.72: waƙa 893.721, ƙagaggun labarai 893.723. To a nan ake cunkoso, domin duk littattafan hikaya lamba ɗaya suke ɗauka, haruffa uku na sunan marubuci da ake sawa a ƙasan lambar su ne ke rarrabe su. Mu kuwa ABU da MUH da ABD sun yi mana yawa. Maganinsa a ƙara harafin farko na sunan littafin, a kuma tsayar da ƙa'ida ɗaya ta sunan da za a ɗauka, a rubuta ta a ajiye don wanda zai gaji kujerar.

Babbar gazawar tsarin tana gidan 200, na addini. Daga 220 har 280 Baibul da Kiristanci ne, Musulunci gaba ɗaya an matse shi a 297: Alƙur'ani 297.122, tasawwufi 297.4, tarihin Annabi (SAW) 297.63, shari'a kuma sai an je 340.59. A laburaren Islamiyya da rabin kayansa na addini ne, lambobin sai su yi tsawon da ba za su shiga ƙashin bayan ƙaramin littafi ba. Tsarin ya ba da zaɓin a mayar da addinin da ya fi yawa cikin 220 zuwa 280. Zaɓin yana aiki, amma daga ranar duk lambar addini da aka kwafo daga kundin wani laburare sai an sake ta da hannu. Wanda ba shi da ƙwararren ma'aikaci na dindindin, gara ya zauna a 297.

Ga laburaren da bai wuce littafi dubu ashirin ba, tsarin ya cancanci a ɗauka. Jami'o'inmu galibi tsarin Laburaren Majalisar Dokokin Amurka suke bi, kuma da hujjarsu, domin ya fi ɗaukar tarin littattafai masu zurfi a fanni ɗaya.