Keken tsere don tafiyar kwana biyu: wanne za ka saya a Bauchi?

Samari da yawa yanzu suna son ɗaukar keke ranar Asabar su nufi Dass ko Alkaleri, su kwana, su dawo Lahadi. Masu ƙarfin gwiwa har Gombe suke kaiwa, kusan kilomita 150, su raba ta kwana biyu. Kayan irin wannan tafiya ba su da yawa: riga da wando na canji, sallaya, ruwa, dabino, famfo da tiyub. Duka bai wuce kilo 10 ba. Ana yawan tambayata ko keken tsere, mai siririyar taya da lanƙwasasshen kai, zai iya wannan aiki. Zai iya, amma ba kowanne ba.

Phoenix irin na iyayenmu ƙarfi gare shi, sai dai ba giya, a hawan Toro turawa za ka yi. Keken hawa dutse mai ƙatuwar taya kuwa, a kan kwalta ƙarfinka kawai yake sha. Na kabon, wato mai bodi mara nauyi da ba na ƙarfe ba, ka bar wa masu gasa, in ya tsage ba mai walda da zai taɓa shi.

Ni dai zaɓina tsohon keken tsere na ƙarfe, cikin 'yan Beljiyam da ake saukewa. Ba ƙarfen bututun ruwa ba, ƙarfe mai sauƙi da ake rubuta wa 4130 ko Reynolds 531 a jikin sandar da ke ƙarƙashin sirdi. Irin wannan bodi yana shanye girgizar hanya, ka yini a kai bayanka bai ƙage ba, kuma in wani abu ya karye a ƙauye mai walda zai iya ɗinke maka ka isa gida. Na alminiyom ya fi shi rashin nauyi, ban musa ba, amma wa zai walda maka shi a Dindima?

Kafin ka taya, ka tsuguna ka leƙa inda tayar baya take ɗaure. Kana neman 'yan ƙananan ramuka na ɗaura kariya, wato abin ɗora kaya. In babu su, kayanka a baya za ka goya, kuma zafin watan Afrilu da jaka a gadon baya azaba ce. Sannan ka zura yatsa tsakanin taya da bodi. Yawancin kekunan tsere da taya mai faɗin milimita 23 suke zuwa, wadda ramin kwalta ɗaya ke tsinke wa tiyub. Kana son wanda zai karɓi 28, in da hali 32, musamman don lokacin da tirela za ta koro ka gefen hanya inda tsakuwa da tsidau suke. Ƙirga waya: 32 ko 36 a kowace ƙafa. Giya kuma, tsofaffin kekuna suna da faranti mai haƙora 52 da mai 42 a gaba, wanda ya yi tauri ga mai kaya. Bauchi zuwa Jos hawa ne na kusan mita 600, don haka ka nemi ƙaramin faranti mai haƙora 34, ko ka sa a canza maka na baya zuwa mai 32.

Yanzu ga abin da ya fi ci mini rai, wato ha'inci. Wani mai sayarwa ya taɓa miƙo mini keke yana ƙyalli, yana rantsuwa daga kwantena ya fito. Bayan 'yan makonni fenti ya ɗago a ƙarƙashin wuya, sai ga tsaga an cike ta da foti an fesa. Keken ya taɓa karo, aka yi masa kwalliya. Tun daga nan duk keken da na ga sabon fenti a jikinsa, yatsa nake bi da shi ƙarƙashin sandar da ta sauko daga wuya. In ka ji tudu ko ka ga fenti ya yi tamoji, ajiye shi. Ka tsaya daga gefe ka dubi cokalin gaba, wato ƙarfen da ke riƙe tayar gaba, in ya koma baya ko kaɗan, ya sha karo. Ka hau ka sassauta hannu, mai lafiya ba ya ja gefe.

Sitika ma ba shaida ba ce. Ana manna sunan manyan kamfanoni irin su Giant ko Trek a kan bodin banza, ana sayar da kacar Shimano ta jabu da ke miƙewa cikin wata guda. Ta gaske rubutunta a zane yake tsaf a jikin ƙarfe. In ka ji farashi ya faɗi ƙasa warwas, ka tuna araha ba ta ado.

Akwai kuma cutar taya. Wasu tsofaffin kekuna tayarsu inci 27 ce, wasu kuma girman da ake kira 700c, kuma ba sa shiga juna: rim ɗin 27 milimita 630 ne, na 700c 622, na Phoenix 635. Mai shago zai ce maka "Alhaji, duk ɗaya ne." Ba ɗaya ba ne. Karanta lambar da ke jikin tayar da idonka, ka tsaya a kan 622, ita aka fi samun sabuwa. Bakin tiyub ɗin ma siriri ne, famfon mai faci na bakin hanya ba ya kama shi, sai ka riƙe naka da tiyub biyu.

In ciniki ya faɗa, kar ka bar wurin sai da rasit mai ɗauke da lambar bodi, wadda ke ƙarƙashin inda feda take juyawa. Kekunan sata suna yawo, kuma a shingen hanya wannan takardar za a tambaye ka.