HomeExchange bayan ya haɗiye abokan gogayyarsa

Musayar gida tsohuwar al'ada ce a Turai, inda iyali biyu ke yarda su sauka a gidajen juna lokacin hutu ba tare da kowa ya biya kuɗin masauki ba. Malaman makaranta ne suka fara ta, saboda suna da dogon hutu amma albashinsu ba ya ɗaukar kuɗin otal, kuma a 1953 aka kafa ƙungiyoyin musayar gida na Intervac da HomeLink, a zamanin da ake buga jerin gidaje a littafi a aika wa mambobi ta gidan waya.

Yau babban kaso na kasuwar ya koma hannu ɗaya. Ed Kushins ne ya kafa kamfanin musayar gida na HomeExchange a Amurka a 1992, amma a 2017 wani kamfanin Faransa mai suna GuestToGuest, wanda Emmanuel Arnaud ya kafa a 2011, ya saye shi, bayan ya riga ya sayi ƙananan shafuka irin su Trampolinn na Faransa da HomeForHome na Sifaniya. Daga baya aka haɗe su duka ƙarƙashin sunan HomeExchange, sannan a 2023 aka sayi Love Home Swap na Ingila, aka rufe shafinsa, aka kwashe mambobinsa zuwa HomeExchange.

Amfanin wannan girma a fili yake, kuma na gani da idona. Tun da muke zaune a Ingila sau uku muka yi tafiya ta wannan hanya, wadda ta fi tsaya mini a rai kuwa ita ce ta birnin Lyon na Faransa. Mun tarar da makulli a cikin ɗan akwatin ƙarfe a bakin ƙofa, a kan teburin cin abinci kuma akwai takarda da matar gidan ta rubuta da hannu: ranar fitar da shara, yadda ake kunna na'urar ɗumama ruwa, da roƙon a riƙa shayar da shukokinta duk bayan kwana biyu. Mako guda muka yi muna girka abincinmu, yara na da ɗakinsu, ba mu biya ko sisi na kwana ba. Da a ce gidajen suna warwatse a shafuka biyar, da wuya mu dace da irinsa a makon da makaranta ta ba da hutu. Shawarata ga Musulmi ita ce su tambayi mai gida tun da wuri ko akwai kare, su kuma tafi da butarsu, domin ba za su same ta a banɗaki ba.

Inda nake da ja shi ne tsarin maki da ake kira GuestPoints, wanda aka gado daga GuestToGuest. Ana yi wa kowane gida ƙima ta kwana ɗaya gwargwadon yawan gadajensa da kayan da ke cikinsa da wurin da yake. Idan ka sauki baƙo sai ya biya ka da maki, kai kuma ka kashe su a gidan wani dabam. Babu shakka wannan ya warware matsalar sai hutun mutum biyu ya zo daidai. Sai dai tsohuwar musaya tana da wani sirri: kana kula da gidan mutum ne domin shi ma a daidai lokacin yana kwance a kan gadonka. Da maki suka shigo, sai mai masauki ya fara kama da mai haya, baƙo kuma ya fara lissafin abin da ya biya, har ƙaramin gida a unguwar da ba ta yi suna ba yakan daɗe bai samu mai nema ba.

Kuɗin rajista na shekara ya haura dala 200, kuma ya haɗa da tantance mambobi da wani lamuni idan an yi ɓarna ko mai gida ya fasa. Ga wanda zai yi tafiya ko da sau ɗaya da iyali, kuɗin bai kai na kwana biyu a otal ba. Amma tunda an haɗiye da yawa daga cikin manyan masu gogayya, wanda farashin ko dokokin ba su yi masa ba zaɓinsa ya ragu ƙwarai. Intervac da HomeLink suna nan har yanzu, gidajensu ba su kai yawan na HomeExchange ba, kuma a can nake shirin gwada musayarmu ta hutun bazara mai zuwa.