Wata uku a ajin Turancin yamma: abin da na samu da abin da ban samu ba

Shekarata goma sha ɗaya ina aikin akanta a wani kamfanin rarraba magunguna a nan Kaduna, kuma Turancin takarda bai taɓa ba ni wahala ba. Rahoto, wasiƙa, lissafin ƙarshen wata, duk ina rubutawa. Inda nake samun cikas a baki ne. Abin da ya kai ni neman aji wata waya ce da muka yi da mai kawo mana kaya daga Legas. Na ce masa katan goma sha biyar, shi kuwa hamsin ya ji. Kaya suka iso, sito ya cika, aka yi mako biyu ana kai-komo kafin a mayar da ragowar. Ba wanda ya yi mini faɗa, amma abin ya tsaya mini a rai.

Ajin yana Unguwar Rimi, a saman wani bene, sau uku a mako bayan an tashi daga aiki. Mu goma sha huɗu ne, har da ma'aikatan banki, wata ma'aikaciyar jinya, da wani ɗan kasuwa mai odar kaya daga ƙasar Sin.

Abin da ya sa kuɗina ba su tafi a banza ba shi ne malamar. Bahaushiya ce, ta san daidai inda harshenmu ke tuntuɓe, ta kuma san dalili. Ranar farko ta ce mana Turanci haruffa 26 gare shi amma sautukansa kusan 44 ne, saboda haka wanda ya saba da Hausar boko, inda kusan yadda aka rubuta haka ake faɗa, dole ido ya riƙa yaudararsa. Ta rubuta "receipt" da "debt" a allo, kalmomin da nake amfani da su kullum, ta nuna mana harafin da ba a furtawa a cikin kowacce.

Sai batun "p" da "f", wanda muka kwashe mako biyu a kai. Ta bayyana cewa "f" ɗinmu ta Hausa da leɓɓa biyu ake yin ta, shi ya sa take faɗawa tsakanin sautukan Turanci guda biyu, har "full" da "pull" su zame mana abu ɗaya. Ta raba mana ƴan yankin takarda, kowa ya riƙe a gaban bakinsa. In ka faɗi "pay" daidai, iska za ta fashe takardar ta yi tsalle. In "fee" ce, sai ta matso ta ce, "Malam, ɗora haƙoran sama a kan leɓen ƙasa, kada leɓɓan su haɗu." Na sayi ƙaramin madubi na ajiye a aljihun tebur ɗina na ofis saboda wannan kawai. Ta kuma tuna mana yadda muka karɓi burodi da direba da asibiti daga Turanci, muka cusa wasali tsakanin baƙaƙe don su zauna a bakinmu. A Hausa hakan daidai ne, har da daɗin ji. Amma in ana Turanci, wannan ɗabi'ar ce ke sa "screen" ta miƙe ta koma gaɓa uku.

Matsalar katan ɗina kuwa a zama ɗaya aka warware ta. In za a bambance su, ana danna ƙarshen "fifteen" a ja shi, a "fifty" kuma farkon ake dannawa. Ta ƙara da shawarar da na fi amfana da ita: in maganar kuɗi ce ko adadin kaya a waya, ka maimaita lambobin ɗaya bayan ɗaya.

Nahawu ma ba laifi. Ba a sa mu haddar ƙa'idoji ba, saƙonnin da muke turawa a wurin aiki ta ce mu kawo. A nan na gane na daɗe ina rubuta "equipments" da "informations", alhali waɗannan kalmomi ba sa ɗaukar jam'i. Haka "I am working here since 2016", wanda sak tsarin Hausa ne na "tun 2016 nake aiki a nan", Turanci kuwa "have been working" yake so.

Ɓangaren kalmomi ne ya ba ni haushi, kuma na faɗa musu. Wani malami daban ke ɗaukarsa, yana raba mana takardu cike da manyan kalmomi irin na mai shirin jarrabawar shiga jami'a. Ni abin da nake bukata shi ne yadda zan tuna wa abokin ciniki bashin da ake bin sa ba tare da na ɓata masa rai ba. Ma'aikaciyar jinyar nan tana son kalmomin yi wa majinyaci bayani. Ba a taɓa tambayarmu ba. Ga janareta da aka ajiye a ƙarƙashin taga: in an ɗauke wuta, ajin da ya dogara da kunne sai ya koma kallon baki. Lokacin ma ya matse, don kafin ka fito daga cunkoson titin Ahmadu Bello ka zauna, an kusa kiran magariba.

Abin da ya cike giɓin shi ne aikin gida ta WhatsApp. Kowane dare muna tura muryarmu ta minti ɗaya, malamar ta saurara ta dawo da gyara kafin safiya. Ita ce kuma ta nuna mana ƙamus ɗin Cambridge na intanet, inda ake jin kowace kalma da lafazin Ingila da na Amurka kyauta. Ba ta taɓa cewa mu koma magana kamar Turawa ba, burinta a fahimce mu tun a faɗar farko.

Zan sake yin rajista a zango mai zuwa, amma na roƙi a bar ni in ɗauki ajin lafazi da nahawu kaɗai. Sun ce za su duba.