Rim ɗin ƙaramar tirela: mai sheƙi, mai fenti ko na ƙarfe, da zancen murfin da ke kaɗawa

Tirelar da nake nufi ba babbar motar dakon kaya ba ce. Ƙaramar nan ce da ake ɗaurawa a bayan mota, ta jan kwale-kwale, ko dawaki, ko ɗakin kwanan matafiya. Ranar da na karɓi tawa, rim ɗinta na alminiyam sai ka ga fuskarka a jiki, kuma gaskiya sheƙin nan ne ya sa na ƙi wata mai rim ɗin ƙarfe da ke kusa da ita. Ba a yi shekara biyu ba na durƙusa zan duba iska, sai ga wasu fararen layuka sirara sun taso daga bakin ramin noti, sun yi ta miƙewa a karkace kamar sawun tsutsa a jiƙaƙƙiyar ƙasa. Na sa farce na kankara, ba su fita ba, don ba a sama suke ba, a ƙarƙashin fenti suke. A wannan makon kuma murfin tsakiya na wata ƙafar ya fara ƙwas-ƙwas duk inda aka taka rami.

Abin da ya faru ba wani sirri ba ne. Irin wannan rim, bayan an zuba shi, inji ne ke fere fuskarsa har ainihin ƙarfen ya fito fes, sannan a fesa masa siririn fenti garai-garai marar launi don ya tsare sheƙin. Ba a sa masa fentin shimfiɗa a ƙasa, domin da an sa, sheƙin da ake nema ya ɓuya. Ke nan tsakanin ƙarfen da duniya babu komai sai wannan 'yar fatar, ita kuma ta fi siranta a kan kaifin gefuna, inda fenti ba ya son zama. Tsakuwa ta ɓantare ɗan wuri, ko bakin sifana ya goge gefen rami, ko mai faci ya karce baki wajen cire taya, ko a maƙala ɗan ƙarfen balansi (na daidaita nauyin ƙafa) mai kama baki ya ciji fentin: ƙofa ta buɗe. Danshi ya shiga da gishiri, ya fara cin ƙarfen ta ƙasa, yana tafiya yana ɗaga fentin. Alminiyam ba ya jar tsatsa irin ta baƙin ƙarfe, farin gari yake yi, shi ya sa layukan suke fari. Daga nan fentin ya yi hazo, ya koma ruwan ɗorawa saboda rana, ya fara ɓarewa kamar fatar albasa.

Tirela ta fi mota saurin kamuwa, kuma dalilin mai sauƙi ne. Mota kullum tana tafiya, ana wanke ta. Tirela kuwa sai ta yi wata uku a ajiye a kan ciyawa ko jiƙaƙƙiyar ƙasa, da dattin tafiyar ƙarshe a jikinta, babu wanda ya waiwaye ta. Ta kwale-kwale ma har cikin ruwa ake tura ta, wani lokaci ruwan teku. A ƙasashen sanyi kuma gishiri ake watsawa a titi don narkar da ƙanƙara.

Yawancin wannan lalacewa muni ce kawai, rim ɗin bai rage ƙarfi ba. Wurare biyu ne abin ya wuce zancen ado. Idan cin ya kai inda leɓen taya ke zama, iska za ta riƙa zurarewa a hankali, ka yi ta neman ƙusa ba ka gani ba. Idan kuma ya taru a mazaunin noti, ko a bayan rim inda yake haɗuwa da hob, wato cibiyar da ake ɗaure rim a kanta, ɗauri ba zai zauna daidai ba. Can bayan ma yana da nasa ciwon daban: alminiyam da baƙin ƙarfe suna manne, ga ruwan gishiri a tsakani, alminiyam ɗin ne ke ciwuwa, har rim ya manne wa hob sai da duka.

To mai saye me zai ɗauka?

Mai ferarriyar fuska da fentin sheƙi ya fi kowanne kyau a ranar farko, kuma ya fi kowanne rauni. Ya dace da tirelar da ke kwana ƙarƙashin rufi, mai ita kuma ba ya ƙyashin wanki. Gyaransa ne abin takaici, don ba a yi masa faci ya ɓace. Sai an cire fentin duka, a sake fere fuskar a inji, a sake fesawa, kuma sau ɗaya ko biyu kawai ake iya ferewa kafin nama ya ƙare. Wanda zai kai tirelarsa bakin teku ya ɗauke ido daga kansa.

Alminiyam mai cikakken fenti, ko mai fentin gari da ake gasawa a tanda, shi ne na fi yarda da shi a cikin na alminiyam. Rufinsa ya fi kauri, akwai shimfiɗa a ƙasa, kuma in dutse ya ɓantare wuri kana iya goge shi da samfefa ka ɗiga fenti mai launinsa, magana ta ƙare. Sai dai mai niyyar kai tsohon rim a sake masa fentin gari ya tambayi yadda suke gashi. Ana gasa fentin ne a zafin da ya kai digiri 180 zuwa 200 a ma'aunin Salshiyos, shi kuwa zubabben alminiyam na rim da zafi aka daidaita taurinsa tun a masana'anta, kuma daɗewa a tanda mai zafi na iya rage wannan taurin. Kada kuma a bar fenti mai kauri a mazaunin noti ko a bayan rim, don zai lotse bayan an ɗaure, notin ya saki.

Akwai alminiyam tsirara, wanda aka goge ya yi ƙyalli ba a rufe shi da komai ba. Babu fentin da zai ɓare, wannan shi ne daɗinsa. Yana dushewa, ka sa man goge ƙarfe da tsumma ka dawo da shi, ya sake dushewa. Mai son wannan hidimar zai ji daɗinsa, ni dai ba na ciki. Mai rufin kurom kuwa ban ga dalilinsa a tirelar aiki ba: in ya fara ɓarewa, ɓawonsa har yanka hannu yake.

Sai baƙin ƙarfe, wanda na raina a ranar saye. Mai fenti shi ne mafi araha, yana tsatsa ta inda aka karce, amma buroshin waya da gwangwanin fenti sun ishe shi. Mai rufin tutiya, wanda ake tsomawa cikin narkakkiyar tutiya mai zafin kusan digiri 450, shi ne gwanin ruwa. Ko an karce shi, tutiyar da ke gefen ce ke fara ciwuwa ta kare ƙarfen. Launinsa toka-toka ne, ba ya burge kowa, amma masu tirelar kwale-kwale sun san abin da ya sa suke nemansa. Ga kuma wani abu da ba a faɗa wa mai saye: in ka faɗa mugun rami, rim ɗin ƙarfe lanƙwasa yake, sau da yawa a buga bakin ya miƙe ka kai gida. Zubabben alminiyam tsagewa yake, tsagaggen rim kuma ba abin ɗora wa kaya ba ne. Zancen nauyi ma kada a ruɗe ka. Gaskiya ne alminiyam kusan kashi ɗaya cikin uku ne na nauyin ƙarfe idan girmansu ɗaya, amma dole a yi shi da kauri kafin ya ɗauki kaya, don haka a ƙaramin rim bambancin bai taka kara ya karya ba.

Yanzu murfin tsakiya. Abu ne ɗan ƙarami, amma irinsa ne ke nuna ko za ka huta ko za ka yi ta sayen sabo. Mai haƙoran roba da ake dannawa ta gaba shi ne ya fi ɓata. Zafin birki da na boris ɗin da ƙafa ke juyawa a kansa yana gasa haƙoran, rana ta busar da su, su saki, ko farin garin nan ya taru a bakin ramin ya hana su kamawa. Wata rana ka tsaya ka ga rami ƙwal, murfi yana can bakin hanya. Mai zoben waya a bayan haƙoran ya fi daɗewa, wani lokaci ma buɗa zoben kaɗan ya isa ya dawo da kamu. Mai sukuru ba ya faɗuwa da wuri, sai dai sukurun ƙarfe a cikin alminiyam yakan ci ya ƙi fita in ba a shafa masa ɗan man hana mannewa ba.

Wanda na fi so shi ne mai shiga ta baya. Ana zura shi kafin a ɗora rim, leɓensa ya maƙale tsakanin rim da hob, don haka ba shi da hanyar fita sai an kwance ƙafar. Amma fa shi ne sarkin kaɗawa idan awo bai yi daidai ba. Nawa haka ya yi: na cire ƙafar, na riƙe murfin a ramin, sai ga shi yana juyawa da yatsa ɗaya. Zagaye biyu na tef ɗin wayar lantarki a wuyansa ya kashe ƙarar, daga baya na sayo mai daidai. A tirelolin ƙirar Amurka za ka yawaita ganin ramin tsakiya mai faɗin inci 3.19 a rim mai noti 5, da inci 4.25 a mai noti 6, amma auna naka da kanka kafin ka biya, ka auna har da tsawon da hob ya turo, kar murfin ya tokare shi. Idan hob ɗinka mai bakin ɗura giris ne a tsakiya, nemi murfi mai ɗan toshi da ake cirewa, in ba haka ba duk ɗurin giris sai an kwance taya.

Wata magana da ta fi duk waɗannan nauyi: ƙarar da ka ɗauka ta murfi ce tana iya zama ta noti da ya saki, ko boris da ya fara mutuwa. Kafin ka zargi murfi, ɗaga ƙafar da jak, kama tayar sama da ƙasa ka girgiza, sannan ka bi notocin ɗaya bayan ɗaya. Rim ɗin alminiyam ya fi na ƙarfe buƙatar maimaita ɗauri bayan an ɗora shi. Masu ƙera ƙafafun tirela kan ce a sake dubawa bayan mil 10, da 25, da 50 na farko, wato kusan kilomita 16, 40 da 80, da sifana mai awon ƙarfin ɗauri, a bi adadin da ke littafin tirelar. Murfi kuma yana ɓoye giris da ke tsiyaya, shi ya sa wasu masu doguwar tafiya suke cire shi gaba ɗaya, don in sun tsaya su ɗora bayan hannu kusa da hob su ji zafinsa.

Ko wanne ka zaɓa, juya shi ka karanta bayansa kafin ka kalli fuskarsa. A nan ake buga nauyin da yake ɗauka, sau da yawa har da iyakar iskar da yake jurewa, kuma tayoyin tirela sukan sha iska fiye da na ƙaramar mota. Rim ɗin mota da ramukansa suka yi daidai ba lalle ne ya ɗauki nauyin tirela ba, zurfin zamansa a kan hob ma yakan bambanta. Duba jerin ramuka, wato yawan ramukan noti da faɗin da'irar da suke jere a kai: 5 a kan inci 4.5 da 6 a kan inci 5.5 sun yi yawa a ƙirar Amurka, a Turai kuma 4 a kan milimita 100 da 5 a kan 112. Duba mazaunin noti ya dace da siffar notinka, kuma zaren ya shiga sosai, tunda alminiyam ya fi kauri yana cinye tsawon ƙusar da notin ke hawa. In akwai takardar garanti, nemi layin da ya yi maganar fenti shi kaɗai, don yawanci wa'adinsa ya fi na jikin rim gajarta nesa ba kusa ba.

Wanda ya riga ya sayi mai sheƙin kamar ni, sabulun mota da ruwa da soso mai laushi kawai yake so, kuma sai rim ya huce. Ruwan wankin nan masu asid da ke narkar da ƙurar birki cikin minti ɗaya suna bin duk wata 'yar tsaga su shiga ƙarƙashin fenti. Ka ce wa mai balansi ya sa ƙarfe mai gam ta ciki maimakon mai cizon baki. Nawa guda huɗun na kai an kankare su an yi musu fenti ruwan toka, safayar kuma na sayi ta ƙarfe mai tutiya.