Firam ɗin Mersenne da na Fermat, ina bambancin?

Malam ka tambaya me ya raba lambobin firam na Mersenne da na Fermat, kuma me yasa duk sanda aka ce an gano firam mafi girma sai ka ji na Mersenne ne. To firam dai ita ce lambar da ta fi 1 kuma ba ta rabuwa tsaf sai da 1 ko da ita kanta. Su kuma waɗannan, dukkansu dai daga ninka 2 sau da yawa suke fitowa, ɗaya a cire masa 1, ɗaya a ƙara masa 1.

Na Mersenne shi ne 2^p − 1 (2^p na nufin 2 sau 2 sau 2... har guda p), irin su 3, 7, 31, 127. Dole p ɗin shi ma ya zama firam, amma hakan bai wadatar ba fa, saka 11 ka gani, 2047 zai baka, shi kuwa 23 sau 89 ne. Na Fermat kuma 2^(2^n) + 1, wato 3, 5, 17, 257, 65537 in ka saka n daga 0 zuwa 4. Shi Fermat, masanin lissafin da aka sa wa lambobin sunansa, ya ɗauka duk na gaba ma firam ne, sai ga wani masanin, Euler, a 1732 ya nuna mai bi musu, 4,294,967,297, yana rabuwa da 641 tsaf. Tun daga nan ba a ƙara samun ko ɗaya ba, biyar ɗin nan su ne har yau.

Mersenne kuwa an san guda 52. Na ƙarshe da aka gano shi ne 2^136,279,841 − 1, a watan Oktoban 2024 ta hanyar GIMPS, shirin da masu sa kai ke neman firam ɗin Mersenne da kwamfutocinsu, alƙalumansa 41,024,320, kai ko rubuta shi kaɗai aiki ne ja.

Me yasa na Mersenne ke zama mafi girma? Wasu suna cewa ai don Mersenne yana da gwajin Lucas-Lehmer, hanyar tantance firam mai sauri a kwamfuta ne. Gaskiya ne, amma Fermat ma yana da nasa, gwajin Pépin, ni a ganina matsalar Fermat tsalle ne. Mersenne kamar tsani ne mai matakala kusa-kusa, kowane p firam kana da abin gwadawa, shi kuwa Fermat duk taku ɗaya tsawon lambar ninkuwa yake yi, shi yasa daga n=5 har n=32 an tabbatar babu firam a ciki, na n=33 kuma alƙalumansa sun haura biliyan 2, ba wanda ya iya cewa komai a kansa tukuna.

Kar ka raina Fermat don ƙarancinsa dai. Masanin lissafi Gauss a 1796 ya nuna ana iya zana siffa mai gefe 17 daidai-wa-daida da kamfas da rula kawai, kuma dalilin shi ne 17 firam ɗin Fermat ne. 65537 kuma shi ake yawan sakawa a makullin RSA na tsaron intanet. Mersenne nasa ɓangaren cikakkun lambobi ne, wato lambar da in ka tara ƙananan lambobin da ke raba ta tsaf za ka sake samun ta, kowane ɗaya yana haifar da guda: 7 sau 4 ya ba da 28, shi kuma 28 in ka tara 1, 2, 4, 7, 14 shi za ka sake samu.