Shirin yawon Arewa da ke tara mu a tsakar gida

Makonni shida ke nan duk daren Lahadi muke shimfiɗa tabarma a tsakar gidanmu nan Marwa a Kamaru, mu fito da talabijin don kallon shirin yawon Arewa da tashar gwamnati ke nunawa.

Na Kuseri ne ya fi shiga raina. An ɗauki hoton daga bakin ruwa, inda Logon ke haɗuwa da Shari, masunta na jan taru, ga Injamena can tsallake. Daga nan aka shiga labarin Rabe, yadda ya ci Borno a 1893, ya zauna Dikwa, har ranar 22 ga Afrilun 1900 da Faransawa suka kashe shi a Kuseri, shi ma kwamandansu Lamy bai kwana ba. Da na fassara wa Baba cewa sunan Baturen nan aka laƙaba wa Injamena, Fort-Lamy, har zuwa 1973, sai ya ajiye kofin shayinsa ya ce, "Ai da wannan sunan na san ta, ɗan nan, lokacin da muke kai goro." Ranar har ƙarfe sha ɗaya yana ba mu labarin hanya.

Na gidajen ƙabilar Musgum a Pus ma ya yi kyau. Laka ce zalla, ba azara ba ƙarfe, kuma na sha ganin zanen da ke jikin bangon ina zaton ado ne kawai. Ashe matakala ce da ake hawa a yi yaɓe, kuma ta nan ruwan sama ke gangarowa. Na gandun dajin Waza kuwa an yi shi a gurguje, raƙuman dawa biyu aka nuna aka wuce.

Abin da ya sosa min rai harshe ne. Komai da Faransanci, tsoho na zuba Fulatanci mai daɗi sai a danne muryarsa da ta mai fassara. Inna ta gaji da jiran in juya mata magana, tun mako na uku ta daina zama. Sannan a Ngaundare an nuna fadar Lamiɗo da tashar jirgin ƙasan da ya iso a 1974, amma ko leƙa unguwar Hausawa ba a yi ba. Ina fataken goro da kanwa, ina mahauta da masu kilishi? Su ma sun ci kasuwar garin nan tun kaka da kakanni.

Duk da haka ina ba kowa shawara ya kalla, kuma ya zaunar da dattijon gidansu kusa da shi. Mako mai zuwa Rai Buba za su je, Baba ya riga ya ce kada kowa ya aike ni ranar.